Sabulu Mai Zabuwa

Ranar Asabar, bayan la'asar,
a ƙuryar shagon Mannir mai buga takardu,
can Ƙofar Marusa, inda janareta ke tari,
mu huɗu muke haɗuwa, wani lokacin biyar
in Bara'atu ta sami mai riƙe mata goyo.
Ba mai biyan mu. Gayya ce,
sai dai gonar ba ta da iyaka
kuma ba a dama mana fura.

Kundin sani muke ginawa, maƙala bayan maƙala:
kamfanin taliya, matatar man gyaɗa,
masu ashana, masu lemon kwalba da ya ɓace a kasuwa.
Dayyabu na tono shekaru,
Bara'atu na bin ƙa da ɗa tana maƙala musu ƙugiya,
Mannir na lissafin kuɗin data yana tsaki.

Ni na ɗauki Sabulu Mai Zabuwa.
Ban faɗa musu dalili ba.

Shekara goma sha tara babana ya yi
yana yanka sandar sabulu da zaren waya.
Soda ta cinye zanen yatsunsa,
in aka ce ya dangwala a takarda
sai tawada ta fito sumul kamar gindin kwano.

Na zauna na rubuta:
"Sabulu ne da ba a taɓa yin irinsa ba,
ƙamshinsa kan riga mai shi shiga zaure."
Kafin in kurɓi ruwa, Dayyabu ya goge.
"Wa ya faɗa? Ina madogara?
Ba roƙo muka zo ba, Tasi'u, ba a kirari a nan."
Na ce hancina shaida ne.
Ya ce hanci ba ya shiga jerin manazarta.

Asabar biyu ban leƙa ba.

Ta uku na tafi ɗakin karatu,
na tarar gara ta riga ni karanta jaridun.
Ta bar mini rabin talla, da shekarar buɗewa,
da ɗan labarin yajin aiki, layi shida,
watan da aka riƙe albashi har azumi ya wuce.
Iya Lanti ta Rafindaɗi kuma
ta zazzage kwallarta ta miƙo mini takardar naɗi,
zabuwar ta koɗe, adireshin na nan.

Sai ga jikan mai kamfanin, mota har bakin kwata,
takalmi ba ƙura, ambulan a aljihun gaba.
A cire zancen albashi, in ji shi,
a sa cewa marigayi uban marayu ne.
Dayyabu bai ko ɗago kai ba.
"Wa ya faɗa? Ina madogara?"
Muryar nan dai, wadda ta yanke ni.
Ashe wuƙar ba ta san ɗan gida ba.
Mannir ya kalli ambulan har ta fita ƙofa,
ya haɗiye miyau, ya tashi ya ƙara wa janareta mai.

Maƙalar ta tsaya layi goma sha ɗaya,
busasshiya, ba gishiri ba romo.
An kafa shi a kaza, an rufe a kaza.
Ma'aikata ɗari da arba'in.
Babana na cikin arba'in ɗin, ko cikin ɗarin,
ban san gefen da ya tsaya ba.

Wani dare wani da ba mu sani ba,
ko daga wane gari oho,
ya mai da su ɗari da arba'in da biyu, ya kawo hujja.
Na daɗe ina tunanin biyun nan.

Na karanta wa Inna a tsakar gida.
Ta ce, "Shi ke nan?"
Na ce shi ke nan abin da takarda ta yarda.
Ta karɓi wayar, ta juya ta, ta kai hanci,
ta miƙo mini.
"Ba su sa ƙamshin ba," ta ce,
ta koma kan wankinta.