Yatsa Biyu

Katkat ɗin da nake ja ta girmi ɗana na fari.
Ba ta tsoron yashin Dakoro, ba ta tsoron kwari,
amma idan rana ta take tsaka a bazara
cikinta tanda ne, ni ne masar.

Takalmina na dama shi ne shaida:
robarsa ta narke, ta manne a kan totur,
na janye ƙafa, ya ce shi ya samu wurin zama.
Malam Tsahiru, likitan dabbobin da nake ɗauka,
ya naɗe ƙafafu bisa kujera kamar mai gudun kunama,
rungume da akwatin allura,
yana jin ƙanƙara na komawa ruwa
tun ba mu ga Kornaka ba.
Shanu ɗari huɗu na jira a bakin rijiya.
Maganin da ya sha zafi kuwa
ruwan banza ne a kwalba mai tsada.

A tasha kowa malami ne.
Wani ya ce in sa kilim. Na ce da wane kuɗi?
Wani ya ce in sauke gilashi duka,
na sauke, iska ta shigo kamar daga zugazugin maƙeri.
Na jiƙa buhu na rataya a taga,
kafin Tibiri ya bushe ƙamas, har yana ƙara.

Nomau bakanike, can bayan babbar kasuwa,
bai ko buɗe gaban motar ba.
Tafin hannu ya aza inda nake sa ƙafa,
ya janye da sauri, ya hura,
ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi.
Daga can muryarsa ta fito:
"Rana kake ta zagi, baiwar Allah,
alhali wutarka daga ƙasa take.
Garkuwar salansa ta faɗi tun yaushe?
Robar giya ta yage, hannu na shiga.
Ga huda, ga huda, ga wata.
Inji na numfashi a ƙafarka, Barmu."

Ya yanko marfin tsohuwar ganga,
ya lanƙwasa shi bisa gwiwa,
ya ɗaure tsakanin salansa da daɓen mota.
Na ce ya matse shi sosai.
Ya ɗaga yatsa biyu masu baƙin mai:
"Wannan tazarar ita ce aikin.
Ƙarfe in ya taɓa ƙarfe, gulma yake kaiwa.
Bar iska ta ratsa."
Tsohon tif ya zama rigar giya,
hudojin ya toshe su ɗaya ɗaya.
Jika uku, da shayi.

Saman kuwa Cima ce.
Ta dubi rufin, shuɗi mai duhu, ta riƙe haɓa:
"Ko awakina ban bari ƙarƙashin kwano tsirara ba."
Na shafa farin fenti ranar Lahadi.
Ta kwance zanar garkenta,
muka ɗaure a bisa, ba manne ba,
yatsa biyu, ni ma na koya.

Yaran unguwa suka bi mu da ihu:
ga rumbu ya yi taya!

Ba zan ce sanyi ya zo ba, ƙarya ba kyau.
Gumi na nan, riga na manne a baya.
Sai dai ƙafar Malam Tsahiru ta sauko ƙasa,
har gyangyaɗi ya yi bayan Kornaka.
Da muka isa rijiya ya girgiza akwatin,
muka ji ƙwal, ƙwal.
Ya ciro guntuwa kamar ƙwan zabo
ya sa a hannun wani yaro mai kiwo,
yaron ya yar, ya ce ta ƙone shi.

Yau kwana tara.
Awaki na fakewa a gindin katanga,
Cima na tambayar yaushe zan maido mata zanarta.