Ƙoshiyar Baffa Gidado

Ran Talata, aji uku, bayan tara,
na ɗau alli na cika allo da rubutu:
juyin masana'antu, ƙasar Ingila,
tururi, gawayi, ƙarfe, injin saƙa,
shekara kaza, wane ya ƙera kaza.
Yara na kwafa, fanka ba ta juyawa.

Sai Lamela, can kujerar bakin taga,
ta ɗaga hannu: "Malam, ina da tambaya.
Injin nan mai saƙa dare da rana,
wa ke noma audugar da yake ci?"
Allin hannuna ya karye gida biyu.
Na ce, "Sai gobe." Aka kaɗa ƙararrawa.

Da dare na jawo tsohuwar adaka.
Ƙoshiyar Baffa Gidado na kwance ciki,
gurbin yatsansa ya lotsa itacen.
Nan Kumo ya yi saƙa, gindin tsamiya,
Dada Fanta na kaɗi a bakin ɗaki,
ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari.
Ashe allin gado ne, ban lura ba:
nata na jan zare, nawa na gogewa.

Sai aka kafa sikeli a kasuwa,
akawu da fensir maƙale a kunne.
Aka raba angurya kyauta, irin Bature,
aka ce haraji sai da sule, ba sawaye ba.
Kyautar da ta zo da igiya a gindi,
wa ya isa ya ce ba ya karɓa?
Farar gona ta hau bayan akori-kura,
daga baya dogo ya iso Gombe,
tarago bisa tarago, sai bakin teku.
Ta tafi a dila, ta komo a bandir,
akoko mai arha, yadi da tambari,
gwadon Baffa ya kwana bakwai ba mai tayawa.

Ya naɗe zare, ya rataye allera,
ya zama ɗan dako a injin gurza.
Kaɗa ta shiga ƙirji ta yi sheƙa.
Littafina ya ce can ma, a Manchesta,
yara 'yan shekara tara na wannan tari.
Zare guda, bakinsa biyu,
kowane baki da mai shaƙewa.

Can suka yi ihun 'yanci da daidaito,
suka tuɓe sarakai, suka buga a takarda.
Jirgin da ya kwashi dilolinmu
bai sauke mana wannan a tasha ba.
Amma magana ruwa ce, tana bin tsaga:
wani tela, Manu, mai karatun boko,
ya warware jaridar da aka ƙunsa allura,
ya karanta wa 'yan dako bayan isha.
Ran nan Baffa ya dire dila, ya hau kanta,
mutum arba'in suka zauna tare da shi.
Kwana uku injin bai yi tari ba.
Ƙarin kwabo biyu suka samu.
Shi aka sallama. Ya dawo gida yana murmusawa.

Laraba na shiga aji ba littafi.
Na miƙa ƙoshiyar, hannu zuwa hannu.
Wani ya ce kwalekwale ce ta wasa,
wani ya sansana, ya ce warin hayaƙi.
Na ce, "Ga amsarki, Lamela, riƙe ta."
Ta juya ta, ta duba ta taga,
inda awaki ke kiwo a harabar injin,
rufin kwano ya ɓare, ba mai gyarawa.

Ta kama wuyan rigarta ta makaranta,
ta karanta tambarin a hankali: Sin.
"To Malam, yanzu wa ke tarin?"
Na dubi allo. Jiya na nan, ban goge ba.
Na ba ta guntun allin.
Na koma kujerarta, ina saurarawa.