Rabin Masa

Shekara ashirin da biyu ina gaban tanda a Wunti,
ina juya masa da ɗan ƙarfen da uwata ta bari.
Na ciyar da direbobin Jos tun ba su yi gemu ba,
na ciyar da kaina fiye da kowa.
Wadda ta ƙone a gefe, tawa ce.
Wadda ta fashe, tawa ce.
Wadda ta kwana, ai ba a zubar da albarka.

Suka ce, Hajiya Tabawa, jiki ya yi kyau,
kasuwa ta karɓe ki.
Mai keke bai ce haka ba,
kuɗin mutum biyu yake karɓa, idonsa na kan taya.
Gwiwoyina ma ba su ce haka ba.
Cikin dare numfashi kan tsaya mini a maƙogwaro
kamar baƙon da ya rasa ƙofa,
sai autana ya girgiza ni: Inna, Inna, ja iska.

Shekara tara ina sallah a kan kujerar roba.
Goshina ya manta sanyin ƙasa.

Na sha lemun tsami da ruwan zafi,
na sha shayin wata mata a Muda Lawal
wanda ya kwanar da ni a bakin masai.
Sikeli ya saurare ni tsaf,
ya maimaita maganarsa ta bara:
ɗari da arba'in da shida.

Likita ta zana tumbi a bayan takardar magani,
ta ja layi da jan biro.
Wannan za mu cire, wannan za mu bari,
siriri kamar ayaba.
Ta ce ba a mayarwa.
Ta ce akan yi jini, ɗinki kan yi yoyo,
ta ce in je gida in yi tunani.
Ni kuwa lissafi nake:
fulotina na Gwallameji nawa zai yi?

Yayana Ɗanjuma ya buga sandarsa:
Allah ya ba ki ciki, ki kai wa mahauta?
Na ce, Yaya, shi ya ba ni ƙafafu ma,
ga su nan suna sallama da ni.

Na farka da huji biyar a fatar cikina,
kowanne bai kai bakin kwalba ba.
Ruwa a cokali. Romo a cokali.
Kunu tsararo, kurɓi uku, na ƙoshi kamar na ci biki.
Ranar da ƙamshin miyar taushe ya tsallako katanga
na yi kuka har ɗankwali ya jiƙe.
Ba yunwa ba ce, yunwa ta bi abin da suka cire.
Kewa ce.
Ba wanda ya gaya mini ana zaman makokin tuwo.

Gashi ya zuba a mataji.
Ƙwayoyi kullum safe, wai har ƙarshen rai.
Fatar damtse ta sauko kamar rigar aro.
A gidan suna wata ta janye kofinta a hankali,
na ji raɗa a bayana: anya ba ciwon nan ba ne?
Bakin da ya yabi kitsen da ke kashe ni
shi ke yi mini jajen lafiya.

Wata na bakwai, asubar wata Talata,
na ture kujerar da ƙafa.
Na sunkuya, ina jiran gwiwa ta yi gardama,
ba ta ce komai ba.
Goshi ya taɓa ƙasa.
Na daɗe a wurin, na manta abin da zan roƙa,
tabarma tana warin ƙura da tsohon turare,
ban taɓa shaƙar abu mai daɗinsa ba.

Na koma gaban tanda.
Ƙonannun yanzu na kajin Laraba ne, sun yi ɓul-ɓul.
Da hantsi nakan ɗauki guda mai zafi,
in raba ta biyu,
in tauna rabi a hankali, har shinkafar ta gaya mini sunanta.
Ɗaya rabin yana nan a faranti.
Har yanzu muna kallon juna.