Ƙullin Onur

Shekara arba'in da ɗaya ina kallon Totil
ta ƙofar shagona a kasuwar Kasala,
duwatsu kamar tulunan da aka kife aka yi tafiya.
Ban san dutse yana da fata ba
sai ranar da Onur ya ce, "Taɓa shi."
Na taɓa. Sanyin asuba bai gama fita daga jikinsa ba,
ga kaushi irin na harshen kyanwa.

Onur siriri ne, mutumin Hadandawa,
Hausarsa ta ciniki ce, Larabcina na unguwa,
a tsakiya muka haɗu.
Ya ɗaura mini ɗamara a ƙugu, ya miƙo bakin igiya,
ya ce in yi ƙulli.
Ni tela ne. Na yi dariya a ciki,
wa zai koya wa tela ƙulli?
Ya duba, ya kwance, ya ce, "Sake."
Har sau uku.
Ashe nawa maɓalli yake riƙewa,
nasa kuwa rai.

Takalmin ya matse ni kamar bashi.
Allin da nake zana wuyan riga da shi,
yau garinsa ne a tafin hannuna.

"Kada ka rungume shi, Ukasha,
ba ɗan'uwanka ba ne da ya dawo daga tafiya.
Ƙafa ce ke hawa, hannu rakiya yake yi.
Duba wurin kafin ka taka.
Can, hagunka, ɗan tudun nan kamar ƙwayar dabino."
Na ce ba zai ɗauke ni ba.
Ya ce, "Ya ɗauki waɗanda suka fi ka tumbi."

Gaba huɗu, gaba biyar,
sai ƙafar dama ta kama rawa ita kaɗai,
tana taka keken ɗinkin da babu shi.
Na waiga, abin da aka hana ni.
Ga Gash a bushe, ya miƙe kamar yadin da ba a yanka ba,
ga lambunan mangwaro, ga hasumiyar Hatmiyya ta koma allura.
Wani gwaggon biri a kan falale
yana sosa ciki, yana kallona
irin kallon da nake yi wa sabon yaron shago.

Nan yatsuna suka buɗe.
Ban yi salati ba, kunya nake ji in faɗa,
sunan uwata na kira.
Igiya ta ce kif.
Na yi lilo, gwiwa ta daki dutse,
daga ƙasa murya ta taso, ko gaggawa babu:
"Ina riƙe da kai. Huta. In ka gama, koma inda ka tsaya."

A rataye na tuna kakana
da ya taso daga Haɗeja da ƙafa, Makka a ransa,
ya sauke kaya a gindin dutsen nan, wai gobe zai wuce.
Goben ta haifi babana, ta haife ni.
Ko ya taɓa ɗaga kai ya yi sha'awar sama?
Ban sani ba. Na mayar da yatsa cikin tsagar.

Ban kai ƙololuwa ba, kada in yi ƙarya.
Wani zoben ƙarfe na kai, na dafa shi.
Sai ga mafi wuya:
"Saki dutsen. Jingina da iska."
Hawan duka bai kai wannan sakin ba.

A ƙasa muka sha jabana mai citta,
ƙaramin kofin yana kaɗawa a hannuna.
Onur yana naɗe igiya, bai yabe ni ba,
ya dai ce, "Juma'a, bayan asuba."

Washegari zare ya ƙi shiga allura,
yatsun sun kumbura, sai yaro ya zura mini.
Na ɗaga kai ta ƙofar shago.
Daga nan ba a ganin tsagar,
amma na san inda take.