Ƙafar da Aka Ɗaure Sama

A shagon Nomau, bayan babbar kasuwar Maraɗi,
baƙin ƙwaron nan mai ƙafa sha shida,
na bar masa ɗaya sake,
ba ta sama, ba ta ƙasa.
Na miƙa hannu, fitila ta ƙyafta.
Kabu-kabu ya wuce, ƙidaya ta rikice:
bakwai, sifiri, sha uku.

Nomau bai ɗago kai ba.
"Marar ubangida, kowa ya yi tari sai ta amsa.
Ɗaure ta ga volt biyar."

Na ɗiga dalma.
Yanzu ɗaya take cewa, ɗaya kawai,
saura na ta sauya magana.

Sai na tuna babana bakin siton gujiya,
shekara ashirin, ido biyu,
don wasu su samu barci.