Faifan da Ya Maƙale

A Ladipo nake gyaran rediyon mota,
shekara goma sha ɗaya, rumfa ɗaya, benci mai ƙafa uku.
Ran Talata kwantenar Nduka ta iso daga Apapa
maƙare da rabi-rabin motocin Japan,
an datse su a ƙugu kamar kifin Makoko,
kai ya zo Ikko, wutsiya ta tsaya can.

Daga cikin wata na zaro rediyo.
Na ba ta wuta da batirin aro,
ta yi tari, ta yi kaki,
ta tofo min faifai a tafin hannu.
Rubutun jikinsa sawun kaza ne a kan laka,
ko baƙi ɗaya ban gane ba.

Na mayar da shi. Na murɗa.

Ganga ta fara, ruwan damina a kan kwanon Mushin,
jita ta biyo ta da ƙarajin ƙarfe
irin na injin Latifu in ya ci karo da ƙusa,
sannan wani yaro ya ɗaga murya
har ta yage a sama, bai tsaya ɗinki ba.
Tanimu, yaron shagona, ya toshe kunne:
"Oga, faɗa suke ko waƙa?"
Na ce ya miƙo min filaya.
Amma ban kashe ba.

Da dare a Idi-Araba, Zuwaira ɗiyata
ta ɗora idon wayarta a kan rubutun,
waya ta karanta abin da ya gagari uba.
Su huɗu ne, in ji ta.
Shekara shida suna kiɗa a wani ɗaki ƙarƙashin ƙasa
gaban mutum ashirin, rabi dangi.
Mai gangar wanke-wanke yake a gidan abinci.
Wannan ne faifan farko da babban kamfani ya buga musu.
Makon fitarsa ya hau na tara a jerin waƙoƙin ƙasarsu,
mako na biyu, na uku.
Na ce, na ɗaya fa?
Ta ce, bai kai ba, Baba.
Tuwon ya tsaya min a wuya
kamar ni aka yi wa ƙwace.

Ban taɓa gaya mata ba,
akwai gurmi a ƙasan akwatina, tsirkiyarsa ta tsinke tun kafin a haife ta.
Kaset ɗaya na yi a Funtuwa,
guda hamsin aka buga, sha huɗu suka fita,
sauran gara ta saurara.

Wa ya mallaki motar nan?
Ya sayi faifan ranar da ya fito, ko kyauta aka ba shi?
Ya manta shi ne, ko shi ma maƙale masa ya yi
har ya gaji da dannawa?

Ran Juma'a wani direban danfo ya taya rediyon.
Muka daidaita. Na danna in cire kayana,
ta ƙi. Na lallaɓa, na buga mata, ta dafe.
Mutumin na sauri, fasinja na zagi.
Na ce tafi da shi, gyara ne.

Bayan wata biyu, a cunkoson Oshodi,
ina cikin wata motar, gumi har idon sawu,
sai ga gangar nan ta tsallako layi uku ta same ni.
Rawayar danfo, ƙofa ɗaure da igiya,
kwandasta na lilo a bakinta yana kiran Mile Tu
daidai inda yaron yake yaga murya,
wata mai kwandon barkono tana kaɗa kai ba ta sani ba.

Na leƙa ta taga in yi wa direban hannu.
Hanya ta buɗe, suka wuce.
Na kusa da ni ya ce, Malam, ka taka min ƙafa.