Bango Ya Yi Ciki

Inno ce ta fara gani, ba ni ba.
Ta aza tulu gindin bangon yamma
inda take aza shi shekara talatin,
tulun ya ƙi zama, ya karkata.
Ta ce, "Modi, bangon ubanka ya yi ciki."
Na ce, "Wata nawa?"
Ni kaɗai na yi dariyar.

Damina biyu ke nan a Mabera
ruwa yana kwana ƙofar gida kamar mai bin bashi,
da safe ya janye,
ya bar lema tana hawan bulo
har ta kai gwiwar mutum.

Sahabi magini ya zo bayan La'asar
da igiya, da ɗan dutse ɗaure a bakinta.
Ya sako ta daga bisa katanga,
dutsen ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya.
Igiya ta sumbaci tsakiyar bango,
ƙasa kuwa sarari: yatsa huɗu.
Ya bi tsagar da gawayi,
ya ja layi inda ta tsaya.
"In ta wuce nan kafin Jumma'a, ku kwashe shimfiɗa.
Ba bango ad da laihi ba, ruwa na.
Ƙasa in ta sha, sai ta nemi inda za ta jingina."

Ni kuwa na riga na san mai laifi.
Ladan mai hatsi, bayan gidanmu,
tifa biyar ta jar ƙasa ya zuba filinsa,
indararonsa ya miƙo baki wajenmu
kamar mai leƙen tukunyar maƙwabta.
Sati guda gaisuwata a masallaci
ba ta wuce kan yatsu ba.

Aka tokare bango da azara uku,
Inno ta koma zaure da tabarmarta,
yara aka hana su wasa can.
Muka haƙa daga waje,
diga na faɗuwa, ƙasa na fitar da wari
irin na rijiyar da aka manta.

Rana ta uku shebur ya yi ƙara.
Sahabi ya durƙusa, ya share da tafin hannu:
rariyar da Baba ya bari,
bakinta cike da siminti, sumul.
Na san aikin.
Shekara bakwai da ta wuce, gafiya ta dame ni,
kuma ina son daɓe mai kyau inda babur zai kwana.
Kwano ɗaya na kwaɓa.
Har shatin babban yatsana yana nan.

Bai ce komai ba.
Guduma ya miƙo mini.

Babur ɗin ne ya tafi kasuwa,
ya dawo buhu goma sha ɗaya da rodi shida.
Muka zuba tsakuwa cikin ramin
don ruwa ya sami hanyar wucewa ba da faɗa ba,
aka gina dogari biyu, kafaɗa da kafaɗa.
Ladan ya turo yaransa da kwanon sarki,
ya juya indararonsa ba wanda ya roƙe shi.
Ban ba shi haƙuri ba tukuna;
ta ina zan fara, alhali bai ji abin da na ce ba?

Bangon bai miƙe ba.
Sahabi ya ce wanda ya duƙa ya duƙa,
iyaka dai a hana shi ƙarawa.
Inno ta ji, ta dafa bayanta,
a nan ne ta yi dariyarta.

Tulu ya koma wurinsa, da ɗan marmara a gindi.
Kullum na dawo Asuba
nakan haska fitila kan layin gawayi.
Jiya an kwana ana ruwa.
Na tsaya cikin duhu ina saurare:
rariya tana magana.